Ƙa'ida W: Yadda Babban Bankin Amurka Ya Taƙaita Sayen Kaya Bashi a Zamanin Yaƙi, 1941–1952

1. Gabatarwa

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma a zamanin zaman lafiya ba kasafai hukuma ta kan shiga tsakanin mai kanti da mai saye ba, balle ta yanke musu nawa za a ajiye kafin alƙalami, ko wata nawa za a yi ana biyan saura. Wannan magana ce da a kan bar wa mutanen biyu su ƙulla a tsakaninsu. To, a ƙasar Amurka, sau uku cikin shekara goma sha ɗaya, watau daga 1941 zuwa 1952, aka ɗora wa Babban Bankin ƙasar, wanda su ke kira Federal Reserve, wannan aiki na yanke sharuɗɗan bashin mutanen gari. Dokar da ya yi aiki da ita a ke kira Ƙa'ida W, domin bankin da haruffa ya ke laƙaba wa ƙa'idodinsa suna.

Nufin wannan takarda shi ne a bayyana abin da ya sa aka kafa ƙa'idar, da yadda ta yi aiki, da iyakar abin da za a iya cewa ta cim ma. Gundarin maganar kuwa shi ne, Babban Banki bai koma ga wannan hanya ba sai da yaƙi ya ɗaure masa hannu ga barin makaminsa na asali, watau hawar da kuɗin ruwa. Da aka kwance masa hannun, ƙa'idar ba ta daɗe ba ta faɗi.

2. Sayen kaya bashi kafin yaƙi

Tun cikin shekarun 1920 sayen kaya a biya wata-wata ya zama ruwan dare a Amurka. Mota ce ta buɗe wannan ƙofa. A 1919 kamfanin General Motors ya kafa wani reshe wanda ba shi da aiki sai ba da lamuni ga dillalai da masu sayen motocinsa, sa'an nan sauran kamfanoni suka bi sahu. Daga mota al'adar ta bazu zuwa firiji, da rediyo, da injin wanki, da kujeru da gadaje. Mai saye ya kan ajiye wani abu kafin alƙalami, ya tafi da kaya gida, saura kuwa a raba masa bisa watanni, a ɗora ruwa a kai. Zuwa ƙarshen 1941 irin wannan bashi da ke wuyan mutane ya kai wajen dala miliyan dubu 6.

Masanan tattalin arziki sun riga sun lura da wani hali na wannan bashi. Idan kasuwa na ci, aiki ya yawaita, mutane su kan ƙara cin bashi, sai ciniki ya ƙara zafi. Idan kasuwa ta faɗi, sai kowa ya daina saye ya koma biyan tsohon bashi, cinikin ya ƙara mutuwa. Watau bashin yana ƙara wa hawa tsawo, yana kuma ƙara wa gangara zurfi. Mutanen da suka ga babban karayar arziki da ta soma a 1929 ba su manta da wannan ba, kuma cikinsu har da Marriner Eccles, wanda ya shugabanci Hukumar Gwamnonin Babban Banki daga 1934 zuwa 1948.

3. Dalilin kafa ƙa'idar

Ko da ya ke Amurka ba ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu ba sai a watan Disamba 1941, tun 1940 ta soma shirin yaƙi haiƙan. Ma'aikatu suka cika da aiki, marasa aiki suka sami abin yi, albashi ya ƙaru. Mutumin da ya shekara goma yana ƙunci, da ya ji kuɗi a aljihu sai ya nufi dillalin mota. A 1941 an ƙera motocin shiga fiye da miliyan 3. Alhali kuwa ƙarfe, da tagulla, da roba, da gwanayen maƙera da a ke sa wa cikin mota da firiji, su ne dai a ke bukata domin tankoki da jiragen sama. Kuɗi na ƙaruwa a hannun jama'a, kayan da za su saya na shirin raguwa, ba abin da zai biyo baya sai tsada.

Ran 9 ga Agusta 1941 Shugaba Roosevelt ya ba da umurni mai lamba 8843, ya ɗora wa Hukumar Gwamnonin Babban Banki ikon tsara bashin mutanen gari. Bai nemi sabuwar doka daga Majalisa ba. Ya dogara ne ga wata tsohuwar doka ta 1917, wadda aka yi domin hana ciniki da abokan gaba a Yaƙin Duniya na Farko, wadda kuma ta bai wa shugaba iko bisa harkokin bashi a lokacin larura. Wannan asali ya zama rauni ga ƙa'idar daga baya, gama masu ƙinta ba su daina cewa ba da yardar wakilan jama'a aka kafa ta ba.

Umurnin ya ambaci manufofi da dama. Na farko, a sauƙaƙa juya ƙarfe da ma'aikata zuwa kayan yaƙi. Na biyu, a danne hawan farashi. Na uku, a sa mutane su jinkirta sayayyarsu, domin ranar da yaƙi ya ƙare, ma'aikatu suka koma ƙera kayan gida, su tarar da masu saye suna jira, ba bashi a wuyansu. Wannan na ukun yana nuna cewa tun ba a shiga yaƙin ba, mahukunta suna tsoron kada bayansa a sake faɗawa cikin irin halin 1930.

Akwai kuma dalili na huɗu wanda ba a rubuta ba, amma ya fi sauran nauyi da tafiya ta yi nisa. Yaƙi da rance a ke yinsa, Gwamnati kuwa ita ce babbar mai cin bashi. A watan Afrilu 1942 Babban Banki ya yi wa Baitulmali alkawari zai riƙe ruwan takardun rancen Gwamnati a ƙasa: na gajeren wa'adi kada ya wuce 3/8 na kashi 1 cikin 100, na dogon wa'adi kuwa kada ya wuce kashi 2½ cikin 100. Ba yadda za a cika wannan alkawari sai bankin ya riƙa sayen duk takardar da ta rasa mai saye a wannan farashi, kowace ya saya kuwa sabon kuɗi ya zuba cikin kasuwa. Saboda haka bankin da aikinsa ne ya tsuke kuɗi idan tsada ta taso, shi ne ya zama mai buɗe famfo. Abin da ya rage masa shi ne ya tare bashi a wasu ƙofofi ɗai-ɗai. Dama yana da irin wannan iko tun 1934 bisa rancen da a ke ci domin sayen hannun jari. Ƙa'ida W ta kai wannan dabara har cikin kantin unguwa.

4. Yadda ƙa'idar ta yi aiki

Ƙa'idar ta soma aiki ran 1 ga Satumba 1941. Ba ta hana kowa cin bashi ba, ba ta kuma taɓa kuɗin ruwa ba. Abu biyu kaɗai ta riƙe: mafi ƙarancin abin da za a ajiye kafin alƙalami, da mafi tsawon wa'adin biya. Mai sayen mota sai ya ajiye sulusin kuɗinta. Mai sayen firiji, ko injin wanki, ko rediyo, sai ya ajiye humusi, watau kashi 20 cikin 100. Kujeru da gadaje ushiri ne, kashi 10. Wa'adi kuwa kada ya wuce wata 18.

Hikimar wannan tsari tana fitowa idan aka yi ɗan lissafi. A ɗauka ga mota ta dala 900. Mai saye ya ajiye 180, aka raba masa saura 720 bisa wata 24, watau dala 30 kowane wata, ban da ruwa. Idan ruwan kashi 6 ne cikin 100 a shekara bisa dukan kuɗin, zai ƙara masa dala 3 da santi 60 a wata. A ce Babban Banki ya matsa har ruwan ya hau zuwa kashi 8, to, ƙarin ya zama dala 4 da santi 80. Bambancin dala 1 da santi 20 ne kurum, wanda ba zai hana mai son mota sayenta ba. Amma idan aka ce sai ya ajiye 300, ya biya 600 cikin wata 15, to, ga ƙarin dala 120 da zai nemo tun ranar ciniki, ga kuma biyan wata ya tashi daga 30 zuwa 40. Mai albashi ba ruwan shekara ya ke dubawa ba. Abin da ya ke tambaya shi ne nawa za a karɓa yau, nawa kuma za a riƙa cirewa ƙarshen wata. Nan ƙa'idar ta kama shi.

Bayan Japan ta kai hari Pearl Harbor aka ƙara tsanantawa. A watan Maris 1942 aka rage wa'adi zuwa wata 15. A ƙarshen Afrilu Roosevelt ya aika wa Majalisa shirinsa mai sassa bakwai na yaƙi da tsada, ɗaya daga cikinsu kuwa shi ne a rage saye bashi, a ƙarfafa biyan tsohon bashi. Saboda haka a watan Mayu 1942 aka faɗaɗa ƙa'idar ƙwarai. Kafin alƙalamin yawancin kaya ya koma sulusi, na kujeru da gadaje humusi. Wa'adi ya koma wata 12, sai mota da aka bari a 15. Aka ƙara kaya masu yawa cikin jerin, har da tufafi. Aka kuma shigo da bashin littafi, irin wanda mai kanti ya kan rubuta wa abokin cinikinsa: in ba a biya ba zuwa ran 10 ga wata na biyu bayan watan saye, sai a rufe littafin, ba a ƙara ba shi kayan da ke cikin jerin sai ya daidaita.

Da ya ke mutum yana iya karɓo rancen tsabar kuɗi a banki ya je ya sayi firiji lakadan, dole ƙa'idar ta bi shi can. Ƙananan rance, waɗanda ba su wuce dala 1,500 ba, aka sa su ƙarƙashinta, kuma mai karɓa ya kan sa hannu a takarda ya faɗi abin da zai yi da kuɗin. An keɓe rancen larura, kamar na asibiti, da jana'iza, da makaranta, haka kuma rancen noma da na sana'a. Duk mai sayar da kaya bashi ko mai ba da irin wannan rance sai ya yi rajista a ɗaya daga bankuna 12 na yankuna waɗanda suka haɗu suka zama Babban Banki, ya kuma ajiye littattafansa domin masu bincike. Wanda ya saɓa, ana iya dakatar da lasinsa.

Ba a rasa masu neman hanyar zillewa ba. Wadda ta fi shahara ita ce ta tsohuwar mota. Mai saye ya kan kawo tsohuwar motarsa a cire kuɗinta a matsayin kafin alƙalami. Sai dillali ya ƙara wa tsohuwar daraja a takarda, ya ƙara wa wadda a ke saye farashi daidai wannan, sulusi ya cika ba tare da kwabo ya fito daga aljihu ba. Domin rage irin wannan, a cinikin motocin hannu Hukumar ta ɗaure yawan bashi ga farashin da ke cikin littattafan kimanta motoci da ta amince da su. Kowace ƙofa aka toshe sai an yi gyara ga ƙa'idar, har gyare-gyaren suka yi yawa. Ma'aikatan bankin da suka saba hulɗa da bankuna kaɗai, sai ga su suna bin littattafan dubban ƙananan kantuna.

5. Abin da ta cim ma

Idan aka dubi alƙaluma kurum, sai a ce ƙa'idar ta ci nasara sarai. Bashin biya wata-wata ya sauko daga wajen dala miliyan dubu 6 a ƙarshen 1941 zuwa wajen miliyan dubu 2 a ƙarshen 1943, ya tsaya kusa da nan har yaƙi ya ƙare. Amma a nan ya kamata a yi hattara. A watan Fabrairu 1942 aka tsayar da ƙera motocin farar hula ɗungum, har a 1943 ko 200 ba a ƙera ba. Cikin watannin da suka biyo aka tsayar da firiji, da rediyo, da injin wanki. Abin da babu shi a kasuwa ba a sayensa, ko bashi ko lakadan. Ban da haka albashi ya yi yawa, har mutane suna ajiye kusan rubu'in abin da ya rage musu bayan haraji, ga haraji ya hau, ga takardun rancen yaƙi ana sayar wa kowa, ga farashi an ƙayyade, ga abinci da man fetur ana rabawa da kati. Cikin wannan taron dalilai, rabon Ƙa'ida W ba shi ne mafi girma ba.

Inda aikinta ya fi bayyana shi ne wajen gaggauta biyan bashi, da hana 'yan kasuwa yin gasa da tsawaita wa'adi bisa kayan da suka rage, kamar motocin hannu, da kujeru, da tufafi. Manufa ta uku kuwa ta cika: jama'a sun fito daga yaƙi da ajiya mai yawa da bashi kaɗan. Sai dai abin da wannan ya haifar ba karayar kasuwa ba ce, wadda a ke tsoro. Tsada ce. Da aka saki farashi a 1946, kayan masarufi suka hau da wajen kashi 18 cikin 100 a shekara guda.

6. Bayan yaƙi, da Yaƙin Koriya

Da salama ta samu, haƙurin 'yan kasuwa ya ƙare. A watan Disamba 1946 Hukumar ta taƙaita ƙa'idar ga manyan kaya kaɗan, ta fitar da bashin littafi. Shugaba Truman da Eccles suka nemi Majalisa ta ba ta tushe na doka. Majalisa ta ƙi, ta yanke cewa ikon ya ƙare ran 1 ga Nuwamba 1947. Tsada ba ta lafa ba, sai a Agusta 1948 Majalisa ta mayar da ikon na ɗan lokaci. Ƙa'idar ta dawo a Satumba 1948, aka sassauta ta da kasuwa ta soma sanyi, ta ƙare ran 30 ga Yuni 1949.

Zuwa na uku shi ya fi koyar da darasi, domin a wannan karo kaya na nan a kasuwa. Yaƙin Koriya ya ɓarke a Yuni 1950. Mutane suka tuna ƙarancin 1942, suka afka wa kantuna suna sayen mota, da firiji, da talabijin. A Satumba 1950 Majalisa ta zartar da dokar shirin kayan tsaro, wadda a ƙarƙashinta Ƙa'ida W ta dawo ran 18 ga watan: mota sulusi da wata 21, kayan lantarki kashi 15 da wata 18. Ba a yi wata guda ba aka tsananta: wa'adi ya koma wata 15, kafin alƙalamin kayan lantarki ya hau zuwa rubu'i. Aka kuma kafa 'yar'uwarta, Ƙa'ida X, bisa rancen sababbin gidaje. Bashin da ke ta hawa tun 1946 ya kusan tsayawa cik a 1951, ko da ya ke wani sashe na wannan sanyi ya zo ne domin mutane sun riga sun sayi abin da za su saya.

Da ƙa'idar ta soma cizo sosai, sai ƙorafi ya tashi. Dillalan motoci suka ce an kashe musu kasuwa. Ƙungiyoyin ma'aikata suka kawo hujjar da ta fi wuyar amsawa, cewa wannan rabo ne da aljihu: mai kuɗi ya sayi motarsa lakadan ba wanda ya tambaye shi, ma'aikacin da ya ƙera ta kuwa an ce ya jira. Masu kare ƙa'idar suka amsa cewa tsada ma talaka ta fi ci, kuma wanda aka hana shi bashi mai nauyi a lokacin tsada ba cutarsa aka yi ba. Kowace hujja tana da ƙamshin gaskiya, amma waɗanda aka hana sun san kansu, waɗanda aka tsare daga tsada kuwa ba su san an yi musu wani abu ba. A Yuli 1951 Majalisa da kanta ta sa hannu cikin sharuɗɗan, ta hana Hukumar rage wa'adi ƙasa da wata 18.

A wannan shekara kuma babban dalilin ƙa'idar ya gushe. A watan Maris 1951 Baitulmali da Babban Banki suka ƙulla yarjejeniyar da ta sauke wa bankin nauyin riƙe ruwan takardun Gwamnati. Da makaminsa na asali ya dawo hannunsa, sai bukatar bin kantuna ta ragu. Hukumar ta dakatar da Ƙa'ida W ran 7 ga Mayu 1952, Majalisa kuma ta janye ikon a watan Yuni.

7. Kammalawa

Maganar ba ta mutu nan take ba. A 1955, sa'ad da cinikin motoci ya yi tashin gwauron zabo, wa'adi ya miƙe har wata 36, aka sake tambaya ko ya kamata a ajiye irin wannan iko domin ko-ta-kwana. Hukumar ta yi dogon bincike, a 1957 ta ce ba ta ga dacewarsa a zamanin lafiya ba. Ingila kuwa ta bi wata hanya: ta riƙe irin waɗannan sharuɗɗa daga 1952, tana sassautawa tana tsanantawa, wani lokaci ta ɗage su, har ta soke su a 1982, amma a can ma'aikatar ciniki ce ta riƙe su, ba Bankin Ingila ba. A Amurka an sake gwada taƙaita bashin mutane sau ɗaya, a Maris 1980, zamanin Shugaba Carter, ta wata hanya dabam. Jama'a suka janye daga saye fiye da yadda aka zata, kasuwa ta faɗi, aka ɗage matakin a Yuli. Harafin W ma daga baya an ba da shi ga wata ƙa'ida da ba ta da dangantaka da wannan.

Abin da tarihin ya nuna shi ne, riƙe kafin alƙalami da wa'adi makami ne mai kaifi, gama yana taɓa abin da mai saye ya fi kula da shi. Amma kaifinsa bisa masu ƙaramin ƙarfi da wasu sana'o'i kaɗan ya ke sauka, gudanar da shi kuma yana bukatar sa ido bisa dubban kantuna. Jama'a sun jure shi muddin suna ganin 'ya'yansu a fagen fama, kaya kuma babu. Da kaya suka dawo, Babban Banki ya sami ikon hawar da ruwa, sai aka jingine shi.